Hudar da ke Rufin Jif

Haliru, ajiye sandar walda ka saurare ni,
tartsatsi ba ya jin Hausa.
Ga jif ɗin nan, tsohuwa mai tarin asuba,
na lallaɓo ta daga Mabera tun rana ba ta yi fushi ba.
Ba fenti nake so ba,
ƙayar daji za ta yi mata zane ko ta so ko ta ƙi.

A bisa ka ɗora mata gadon ƙarfe,
ƙafa shida, kowace da kusoshi biyu.
Can taya za ta kwanta, da shebur, da tabarma,
da jarkar mai, nesa da hancin Kawu Modi,
wanda ko a zaman makoki sai ya laluɓi ashana.

A baya ka raba mini ɗaki biyu da raga.
Ɗaya na Duna da Ƙyalle,
su sha iska, kada wani ya taka wutsiyar wani.
Ɗaya na ruwa, jarka huɗu, kowace da ɗamararta,
don hanyar Tureta ba ta iya lallashi ba,
abin da ba a ɗaure ba
shi ke zama dutse a ƙeyar direba.

Sai akwatin.
Wannan da awo za ka yi shi, ba da ido ba:
tsawon adakar Kawu, ka ƙara yatsa uku,
a kwance a ƙasa, baki yana duban baya,
kwaɗo biyu, makullan a wuyana.
Altine baduku ya gama mata kube
na jar fatar akuya, ya cusa auduga ciki
don kada ta yi ta karo da ƙarfe.
Albarushi kuwa gidansa daban,
gwangwani mai murfi, inda rana ba ta leƙawa.
Miji da mata ne, na sani,
amma a motata ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Ga shi kana dariya, kana nuna sama:
"Malam, wagga huda fa?
Kafin shayi ya huce na toshe ta."

Zauna.

Bara, bayan an ɗauke gero,
mun taso daga fadama da zabi bakwai da zomo guda,
murna ta mantar da mu abin da ke cikin bindiga.
Aka tsayar da ita tsakanin gwiwoyi kamar sandar kiwo.
Bayan Dange akwai wani rami, ka san shi,
babu tayar da bai ɗanɗana ba.
Muka faɗa.

Ƙarar ban tuna ta ba. Shirun nake tunawa,
da wari, da karnuka sun yi tsit,
da ɗana Sanda, shekara goma sha ɗaya,
yana shafa kunne, hularsa tana hayaƙi a cinyata.
Na auna daga baya.
Taƙi ɗaya bai cika ba.

Kawu, da ya taɓa haɗa ido da kura,
ya sauka ya zauna bakin kwalta,
ashana uku ta karye a hannunsa.

Don haka bar ta.
In damina ta zo na liƙe ta da danƙo.
Da rani rana ke shigowa ta nan,
ɗigo guda kamar kwabo,
ya sauka daidai inda yaron ke zama.
Duk mai hawa sai ya gan shi,
sai ya nuna mini cikin bindigarsa wayam
kafin in murza makulli.

Uwar Sanda ta ce sai ta ga akwatin da idonta,
ta ja kwaɗon da hannunta,
kafin ya sake bin mu ko da bakin gulbi ne.

Ɗauki sandarka, Haliru.
Asabar muke son fita.