Ranar da Zoɓo Ya Duba Lissafinsa

Wata uku ina ƙirga shi a buhu:
ɗari da sha tara daga Galadi,
saba'in daga gonakin bayan Jeke,
kowane buhu da sunan mai shi
a cikin kwamfutar da ƙungiya ta damƙa mini amana.
Ban san yana riƙe da ni a zuci ba.

Laraba ce, jajiberin kasuwar Maigatari.
Barira ta kawo mini shi a kofin silba,
da sanyinsa, da citta, sukari kwance a ƙasa.
Na ajiye a hannun dama.
Na miƙa zan ɗauki biro,
gwiwar hannu ta je aiken da ba a yi mata ba.

Ja ya malala tsakanin haruffa
kamar ruwan farko a kwarin kunya,
layi bayan layi, bai tsallake ko ɗaya ba.
Zoɓo ya shiga duba lissafinsa da kansa.

Salati na fara yi, sannan na tuna Tasi'u mai gyara
da abin da ya taɓa faɗa yana goge sukundireba:
"In ta sha ruwa, kada ka tsaya yi mata sannu.
Kashe ta."
Na fizge caja. Na danne maɓallin wuta
har fuskarta ta yi duhu.
Na kife ta a buɗe, baki ƙasa, kamar jinkar bukka,
tana ɗiga a kan tsohon zanen Barira
ɗis,
ɗis,
kuɗin manoma arba'in da shida.

Kafin la'asar zaure ya cika da likitoci.
Baba Ɗanladi ya ce a binne ta a buhun shinkafa.
Uwale ta leƙo ta katanga:
"Ku shanya ta bisa kwano, yadda ake shanya mai laifin."
Na ce ƙura za ta shiga, rana za ta gasa.
Ƙaramin ɗana ne ya faɗi abin da ke cina:
"Baba, kunna ta mu gani mana."
Na zauna a kan hannuwana.
Sauri ya haifi nawa, na sani,
amma yatsa ba ya jin karin magana.

Alhamis na ci kasuwa da biro da bayan kwali.
Sabi'u ya rantse buhunsa sha huɗu ne,
ni kuwa sha biyu nake gani in na rufe ido.
Muka rabu ba sallama.

Dare na biyu kiyashi suka zo ta'aziyya,
jeri guda tun daga bakin ƙofa,
suna shiga ta ƙarƙashin harafi suna fita ta lamba.
Ashe ruwa ne ya bushe,
sukari yana nan, ya yi shimfiɗa.

Asabar na goya ta a babur zuwa Gumel,
a naɗe cikin bargo.
Tasi'u ya kwance cikinta, ya cire batir,
ya bi ta da sifirit da buroshin haƙori,
auduga tana shiga fara tana fitowa ja.
Ya hura, ya jira, ya sa ni na jira.
Da ta buɗe ido
sai da na nemi kujera.

Sunaye suna nan. Sabi'u: sha uku.
Dukanmu biyu muna da haƙurin da za mu ba juna.

Harafi ɗaya ne ya ƙi tashi: A.
Na buga sunan matata, ya fito Brir.
Galadi ta koma Gldi.
Ni Haladu na zama Hldu, ko gyaran murya ya fi ni.
Ban taɓa lura ba, harshen nan namu
a kan wannan harafi yake zaune
kamar rumbu bisa duwatsu.

Sai mako na sama sabon kibod zai iso daga Kano.
Kafin nan, kalma biyu kawai ke fita lafiya lau
duk sanda na buɗe aiki:
buhu,
zoɓo.

Yanzu Barira a dokin ƙofa take dire kofin.
In ƙishi ya kama ni, na tashi na je.