Ƙofar Direba

Lahadi da hantsi, a gindin dogonyaro,
na wangale ƙofofin Fijo duka huɗu
kamar kaza ta shanya fiffike.
Mai ɗinkin kujeru na bakin tashar Jega
ya ce dubu ashirin, ban da kuɗin gam.
Na shafa aljihu, aljihu ya ce mini:
kai da hannunka biyu, me ka rasa?

Na ari sukuddireba wurin Barmo mai faci,
ya miƙo mini har da dariya gyara:
"Malamin lissahi, mi kas sani ga mota?"
Ban tanka ba.
Na naɗe bakin cokali da tsumma
don kada ya ƙwarzane fenti.

Noti uku a mariƙi,
na huɗu ya ɓuya bayan hannun ɗaga gilashi.
Sai maƙalan roba masu taurin kai,
kowanne ya fita ƙas, kamar fashin gyaɗa.
Biyu sun karye. Na sa su a lissafin asara.

Tsohon yadin ya daɗe da sallama,
sosonsa ya zama gari a tafin hannuna
kamar dakakken ƙuli.
Na kankare da reza, na goge da fetur,
har kwalin ya fito tsirara yana jin kunya.

Yaya Kulu ta aiko da ragowar labule,
ruwan ƙasa, mai zanen ganyen rama,
da saƙo a bakin ɗanta:
a bar yatsa biyu ta kowane gefe,
wanda ya yanka daidai ya yanka gajere.

Ƙofar farko ta ci ni.
Na shafa gam, na manna nan take,
yadi ya tattare kamar goshin mai bin bashi.
Ashe gam ba ya son gaggawa,
sai ya sha iska, ya yi danƙo a yatsa,
sannan a bi shi daga tsakiya zuwa baki.
Ta biyu ta yi dama-dama.
Ta uku har na ja da baya ina kallo.

Sai ƙofar direba.

Da na ɗaga bangonta, abubuwa suka zubo:
sulalla biyu da ba sa sayen komai yanzu,
ɓarin goro ya bushe ya zama dutse,
guntun asuwaki,
da ɓawon albasar Aliero, sirara kamar fatar ido.
Shekara ashirin da biyu, Jega zuwa Yauri,
Baba yana zuba ajiya bai sani ba.

A saman yadin, dab da gilashi,
ga wuri nan baƙi, mai santsi, ya ɗan lotsa,
faɗinsa bai fi bakin ludayi ba.
Nan gwiwar hannunsa take sauka
in ya saki sitiyari ya gai da mutanen Koko.
Gumi ne ya rina shi, ba datti ba.

Na sa reza. Na janye.
Na sha ruwa, na dawo, na sake sa reza.
La'asar ta same ni a tsugune.

Daga ƙarshe na yanke kewayensa kawai,
na bar tsibirin nan a inda yake,
na shimfiɗa sabon yadi a kansa,
na danna da bulo har magariba.

Barmo ya zo karɓar kayansa,
ya bi ƙofar da babban yatsa, ya tsaya:
"Ga kumburi nan. Aikin ɗan koyo."
Na ce haka ne.

Litinin, a hanyar makaranta,
na sauke gilashi, na ɗora hannu.
Gwiwata ta faɗi kusa da wurin,
saura kamar yatsa biyu.
Sai na tura kujera baya kaɗan,
ko da yake ƙafata da ƙyar take kai birki.