Ɗaki a Ƙetaren Ruwa

Takardar kama aiki ta zo ranar Talata.
Litinin zan fara, a hawa na sha huɗu, can Levent,
inda gilashi ke yini yana kallon gilashi.
Albashin na rubuta a tafin hannu,
na dunƙule, kada iska ta gani ta yi dariya.

Istanbul ba gari ɗaya ba ce,
garuruwa ne aka ɗaure da igiya guda,
kowanne na ja.

Dillali Bahri, wanda makullansa sun fi haƙoransa yawa,
ya fara da ni a Beshiktash.
"Kafin shayinka ya huce ka isa ofis," in ji shi.
Ɗakin kuwa, in ka yi miƙa sai ka gaisa da maƙwabci.
Taga na fuskantar bango,
kuɗin haya ya haɗiye biyu cikin ukun abin da ke tafina,
ya tsaya yana lasar baki.

Kadikoy ta tarbe ni da kiɗa daga ƙarƙashin ƙasa,
shagunan kofi, samari masu gemun da aka yi wa awo.
Abokina Ilgaz ya ce, "Nan rayuwa take."
Na ce na gani, barci fa, a wace unguwa yake?
Ƙarfe biyun dare titi bai san dare ya yi ba,
ni kuwa akawu ne,
in na gyangyaɗa, sifili ɗaya ya isa ya kore ni.

A Esenyurt ɗaki biyu da falo, sabon fenti,
farashin har ya ba ni kunya.
Sai na hau bas ɗin dawowa.
Awa biyu a tsaye, hancina a kafaɗar wani bawan Allah.
Na lissafa, tunda lissafi ne sana'ata:
awa huɗu kullum, kwana ashirin da biyu a wata.
Ashe ragowar hayar da ƙuruciya ake biya.
Araha ba ta ado.

Da dare uwata ta kira daga Erzinjan.
Ba ta tambayi nisa ba, ba ta tambayi kuɗi ba.
Ta ce, "Nemi inda ake gasa burodi kusa,
da inda wani zai lura in ba ka dawo ba."
Na ce, Inna, wannan ba ya cikin takardar dillali.

Asabar, ƙafa ta kumbura, na ƙetara Uskudar
don kawai in zauna a jirgin ruwa.
Wata takarda a jikin ƙofa, rubutun hannu mai rawa.
Matakala tamanin da bakwai, na ƙirga.
Tsohuwa Sebahat ta dube ni daga takalmi zuwa gashi,
ba ta ce nawa kake samu ba.
Ta ce, "Kana shan taba?"
Na ce a'a.
"To ga ƙwai, sauya mini na barandar nan, ya mutu tun bara."

Bango ɗaya yana gumi in an yi ruwa.
Famfo na tari kafin ya yi magana.
Amma in na leƙa ta gefen hagu, na karkata wuya,
ga teku, faɗin tafin hannu biyu,
ga ƙamshin burodi yana hawo matakala da kansa.

Na sa hannu.

Litinin jirgin farko ya tafi ya bar ni a gaɓa.
Na biyu na samu, da shayi a ɗan ƙaramin kofi,
tsuntsaye na bin mu suna roƙo.
Tsakanin gaɓa da gaɓa ba ni da shugaba,
ba ni da mai gida.

Ranar Alhamis aiki ya riƙe ni har goman dare.
Na hau tamanin da bakwai ina haki.
Ƙwan baranda a kunne.
Daga bayan ƙofa, ba tare da ta buɗe ba,
murya ta ce, "Ka makara."