Waƙafin Malam Modi

A Runjin Sambo, bayan la'asar,
Malam Modi ya buɗe takardata ta Turanci,
jan biro a hannu kamar aska.

"Jabbi, waƙafi ba gishiri ba ne
da za ka barbaɗa ko'ina.
Ka jera albasa, tattasai, daddawa? Raba su.
Ka kira mutum da suna? Ɗiga, ya waiwayo.
Amma mai aiki da aikinsa,
kada ka gitta musu kara.
Jimla biyu cikakku kuwa,
wannan 'yar ƙugiya ba ta jansu. Nemi aya."

Yau shekara ashirin.
Ina rubuta wa ofis takardar ajiye aiki,
hannuna ya tsaya bayan gaisuwa.
A ɗan gurbin nan
na ji numfashinsa.