Iska a Cikin Tiyo

Jiya da la'asar na sauya filtocin, duka biyun,
ƙaramin da babban, yadda ka rubuta, Evaristo,
a littafin nan mai shuɗin bango
wanda yatsunka suka bar wa baƙin mai a kowane shafi.
Na ɗaure, na goge, na wanke hannu har sau uku,
na kwanta a gadon baya ina jin kaina wata ce.

Da sassafe na murɗa makulli.
Ta amsa, ta yi gurnani kamar da gaske,
na ƙirga goma sha ɗaya,
sai ta yi tari biyu, ta ja bakinta ta yi shiru.

Na sake. Gir-gir-gir.
Na sake. Gir, gir.
Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.
Batir na ja da baya kamar numfashinka a makon ƙarshe,
sai na cire hannuna.

Nan Patagoniya ce, babu wanda zan ce wa zo tura.
Tsakuwa, gajeruwar ciyawa, waya mai ƙaya har ƙarshen ido,
da wata guanako da ta tsaya tana tuƙa
tana kallona kamar na zo bin ta bashi.
Iska na jijjiga gidan gaba ɗaya:
kofuna na kaɗawa a kan ƙugiya,
hularka na lilo a bayan ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya ni ce mai riƙe tocila.
"Haska nan, Nélida. Ƙasa kaɗan."
Na san keyarka fiye da yadda na san injin nan.
Ashe abin da hannu ya haddace ba ya shiga littafi.

Wajen hantsi Fermina ta ɓullo a kan doki,
matar da ke kula da tumakin gonar can,
karnuka biyu a bayanta.
Ba ta tambaye ni ina mai motar ba.
Ta ce, "Kin cika su da dizal kafin ki ɗaura?"
Na ce a bushe na sa su, sababbi fil daga kwali.
Ta yi dariya har ta nuna wushirya.
"To iska kika ba ta ta sha."

Iska!
Wadda ke waje tun dare take neman kifar da mu ta kasa,
wannan ko cikin cokali ba ta yi ba
ta durƙusar da tan huɗu.

Ta ƙi karɓar sufana. Ta ce ni zan yi.
Na kwance ƙaramin, sai ga tsohuwar roba
manne a sama, sabuwa a kanta,
biyu a gurbin ɗaya.
Na ɓanɓare ta da farce. Ta fi wuya fiye da yadda na zata.
Na zuba mai da mazurarin madara,
na sassauta ƙaramin noti,
na danna famfon da babban yatsa,
arba'in, sittin, na daina ƙirga.
Kumfa ta fara fitowa tana tsaki,
kumfa, kumfa,
sannan mai zalla, mai sanyi, ya gangaro min har gwiwar hannu.

Murɗa ta uku ta kama.
Farin hayaƙi ya turnuƙe karnukan,
guanakon ta tsallake waya ta tafi abinta.

Mun sha mate a bakin ƙofa, inji na ta ruri,
ban yarda na kashe shi ba.
Da ta hau dokinta na buɗe shafi na tara,
ƙarƙashin layinka na ƙarshe, inda ka bar fili,
na rubuta da hannuna mai warin dizal:
a cika kafin a ɗaura,
a duba ko tsohuwar ta fita.

Yatsana ya bar tabo kusa da naka.
Na gyara madubi daidai tsawona,
na ja kujerar gaba.