Ranar da Muka Kashe Fitilu

Shekara goma sha ɗaya na yi cikin jar rigar kantin Harkwell,
sunana maƙale a ƙirji, Leighton,
a ƙasansa an rubuta: Ina nan don in taimake ka.
Rigar ce ta yi alkawarin, ba ni ba.

A Grimsby, inda iskar teku ke shiga ƙashi ba sallama,
muna da talabijin arba'in a bango guda,
duka suna nuna kifi ɗaya yana iyo a ruwa ɗaya.
Manaja Pickersgill kan biya mana karatu da sassafe:
kada mai saye ya fita sai da garanti,
na shekara uku, fam sittin,
nan ribar take, sauran duk ado ne.
Muka haddace.
Muka iya murmushin da ba ya kaiwa ido.

Misis Oddie ta sayi hita a watan Oktoba.
Ni na sayar mata, ni na ɗora mata garantin,
ta ƙirgo kuɗin daga jakar da zik ɗinta ya mutu.
Kwana tara hitar ta yi tari, ta yi shiru.

Ta dawo. Na ce ba a nan ake gyara ba, kira lambar nan.
Ta kira. Aka sa mata kiɗa na minti hamsin,
wata murya na ta cewa kiranki na da muhimmanci a gare mu,
sai layi ya yanke.
Ta dawo. Na ce kwamfuta ba ta ga sunanki ba.
Ta dawo. Na ce mai gyara zai zo ran Talata.
Talata huɗu ta yi a bakin taga, cikin bargo biyu.
A zuwa na shida, da na hango farin gashinta a ƙofa,
na shige ɗakin ajiya
ina ƙirga kwalayen da na riga na ƙirga.

Mutanen garin nan ba su iya faɗa ba,
daina zuwa kawai suke yi.
Wasu su shigo, su shafa firiji, su duba farashi a waya,
su tafi inda ba za a sa musu kiɗa ba.
Gara ba ta shela in tana cin azara.

A rediyon mota na ji, kafin manaja ya ji:
rassa ɗari biyu da sha, kaf.
Masu baƙaƙen kwat suka zo da takardu,
suka liƙa farashi a kan komai,
har kantar da nake jingina,
har agogon bango,
har kujerar Pickersgill, fam takwas.

Ranar ƙarshe talabijin biyu suka rage,
kifin bai san abin da ake ciki ba.
Sai ga ta, hitar a keken cefane, rasit a ninke huɗu.
Na ce, Misis Oddie, garantin ya mutu tare da mu.
Gaskiyar farko ke nan da ta ji daga bakina.
Ta dube ni, ta dubi kantoci wayam,
ta ce, To kai fa, ɗan nan,
ina za ka ran Litinin?

Na laluba. Babu lambar da zan ce ta kira.

A ɗakin shayinmu akwai tsohuwar hita mai ƙafa uku,
ba ta taɓa tari ba, an liƙa mata fam biyar.
Na biya. Na saɓa ta a kafaɗa har tashar bas,
igiyarta na dukan bayana.
Ta ce, Ita ma tana da garanti?
Muka yi ta dariya, yayyafi na sauka, har bas ta zo.

Na koma na bi fitilun ɗaya bayan ɗaya.
Kifin na bari ƙarshe.