Juya Eriya, Tanimu

A gidanmu na haya a Agege, bayan layin dogo,
ɗaki goma sha huɗu, famfo ɗaya,
talabijin ma ɗaya.
Ta Baba ce, ya sayo ta da ribar goro,
mai ƙofofin katako kamar kabad,
a buɗe ta bayan la'asar, a rufe ta da kwaɗo.

Sai an jira ta ɗumama kamar ruwan shayi,
ɗigon haske ya fara, sannan fuska ta biyo.
Ni ne ɗan hawa rufi.
Eriya na bisa gora, gora na ɗaure da igiyar shanya.
"Juya, Tanimu!" In juya.
"Ya yi?"
"Bai yi ba!"
"Yanzu fa?"
"Tsaya nan! Kar ka motsa!"
Rabin ƙwallon ƙuruciyata a kan kwano na kalle ta,
da kunne, daga ihun mutanen ƙasa.

In jirgi ya taso daga Ikeja
mai karanta labarai sai ya rabu biyu,
yana rawar sanyi cikin babbar riga.
Iya Mulika takan shigo da kujerarta a ka,
Hausarta ta ciniki ce, Yarbancin Inna na gaisuwa,
amma da mugun wasan ya leƙo
tare suke tsaki, tare suke tafa hannu.
Yaran layi su cika taga har iska ta rasa hanya,
Baba ya ce, ku wanke ƙafa ku shigo.

In an ɗauke wuta, unguwa ta ce "Wayyo" da baki ɗaya
kamar an taka mata yatsa.
In an maido kuwa, sowa
tun daga Zango har Oko-Oba.

Sai ga bidiyo, kaset kamar bulo,
a mayar wa mai haya kafin magariba.
Sai faifai. Sai faranti a kan kowane rufi,
duk sun wangame baki suna duban sama.
Hadari na tasowa daga teku, hoto ya sandare,
ƙwallo a iska,
ba ta shiga raga ba, ba ta fita ba.

Yau Baba ya haura tamanin.
Na rataya masa wata a bango, siririya kamar allo,
tasha ɗari uku, ba mai hawa ko'ina.
Rimot na hannunsa, naɗe cikin leda,
maɓalli biyu kawai ya yarda da su.
Jikoki bakwai a falo,
kowa ya sunkuya cikin tafin hannunsa.
Uwani na dariya ita kaɗai, kunnenta a toshe,
Barau na maimaita wasan da aka gama jiya,
autan ya ɗora yatsa a fuskar talabijin, ya ja,
ta ƙi tafiya, ya ce ta lalace.

Daren jiya ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta.
Na kasa kunne.
Ba wayyo, ba tsaki.
Fuskoki bakwai na nan cikin shuɗin haskensu,
ko ɗagowa.
Baba ne kaɗai ya ce a hankali, "Sun ɗauke,"
ya juyo inda yake zaton nake,
"Wa ke ci?"

Na ari wayar Barau, yana ƙunƙuni.
Idon Baba ba ya kama ɗan hoton nan,
murya yake so,
muryar kuma tana tsinkewa kamar zaren koyo.
Na ɗaga wayar sama, na nufi ƙofa,
na dawo, na laluba bango har taga,
ni da furfurata, a kan yatsun ƙafa,
hannu waje, yayyafi na dukansa.

"Ya yi?"
"Bai yi ba."
"Yanzu fa?"
Sai ga filin wasa ya ɓarke cikin duhu.
Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba,
ya ce, "Tsaya nan, Tanimu.
Kar ka motsa."